Gargaɗi ga masu tsara sutura da shirya amare a Jidda da Makka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani mutum da ke zagaya zaurukanmu na WhatsApp da Snapchat yana tallar manhaja, wai ta masu irin sana'armu ce, mu da ke zaɓa wa mata kaya, mu haɗa abaya da mayafi da takalmi, mu raka su kasuwa, mu shirya amarya tun daga lefe har walima. Don Allah kada wadda ta tura masa ko riyal ɗaya. Yana jin Hausa sarai, yana surkawa da Larabcin Hijaz, "Hajiyata" ba ta barin bakinsa, lambar wayarsa kuwa yau wannan gobe waccan.

Abin da yake nunawa a bidiyo, tsakani da Allah, duk mai wannan aiki za ta yi sha'awarsa. Awon kowace kwastoma, launin da ke karɓar fatarta, hotunan kayan da ke sif ɗinta, ranar da ta kama, kafin alƙalamin da ta bayar da cikon da ya rage, duk a waje guda. Wadda ta taɓa neman awon amarya cikin tulin saƙonnin murya ana gobe ɗaurin aure ta san darajar wannan. Sai ya ce biya ɗaya tak, har abada, kuma ragin na yau ne kaɗai. Araha dai ba ta ado. Manhajar da ke ajiye hotuna a intanet kullum cin kuɗi take yi, shi ya sa kamfanonin ƙwarai ke karɓar na wata ko na shekara, kuma yawancinsu sai kin gwada kyauta kafin ki biya.

In ya ga kina jan ƙafa sai ya ɗauko zancen ZATCA, hukumar zakka da haraji da kwastam. Wai duk mai karɓar kuɗin aiki dole ta haɗu da tsarin Fatoora, wato tsarin rasit na lantarki na hukumar, in ba haka ba tara na nan tafe. A nan yake kama mutane, domin ya cakuɗa gaskiya da ƙarya. Tsarin rasit na lantarki ya fara ne ranar 4 ga Disamba 2021, matakin haɗawa da na'urar hukumar kuma ya soma 1 ga Janairu 2023, rukuni-rukuni, kuma hukumar da kanta take sanar da kowane rukuni aƙalla wata shida kafin lokacinsa. Amma wannan ya shafi masu rajistar dariba ne, wato harajin VAT, rajistar kuwa ba ta zama tilas sai cinikin shekara ya haura riyal 375,000. Mu nawa ne cikinmu muka kai nan? Hatimin "ZATCA ta amince" da ya manna a tallarsa ma abin dariya ne. Hukumar tana da jerin kamfanonin manhaja a shafinta, ta kuma faɗa ƙarara cewa jagora ne kawai, ba shaidar amincewa ba.

Wata abokiyar aikinmu a Makka ta biya shi, cikin asusun wani mutum daban, ba na kamfani ba. Ya turo mata manhajar ta WhatsApp, ba ta Play Store ba, ya ce ta ba ta izinin ganin hotuna da saƙonni. Ta yi kwanaki tana zuba bayanan kwastomominta. Rana ɗaya abu ya rufe, ya ce sai ta ƙara kuɗin "sabuntawa". Kafin nan ya riga ya nemi ta danna masa lamba a Nafath, manhajar gwamnati ta tabbatar da shaidar mutum, wai zai haɗa ta da hukuma. Allah ya taimake ta mijinta ya hana. Da wannan dannawa ɗaya ake buɗe asusu ko layin waya da sunanki, a damfari wasu da shi, ke ce za a nema.

Kuɗin da ta rasa bai dame ni kamar hotunan ba. Mace ta yarda da ke ta tsaya gabanki babu mayafi, kin auna ƙirji da ƙugu, kin ɗauki hoton gwajin rigar amarcinta, yanzu duk suna hannun wani ƙato da ba ki san ko sunansa na gaskiya ba. Ko a hukumance, dokar kare bayanan mutane ta fara aiki gadan-gadan tun Satumban 2024, kuma wadda ta tattara bayanan ita za a fara tambaya.

Kafin ki sayi kowace manhaja, nemi lambar sijil tijari, wato rajistar kasuwanci, ta mai sayarwa ki duba ta a shafin Ma'aikatar Kasuwanci. In ya ce yana da lambar dariba, lambobi 15 ne, tana farawa da 3 ta ƙare da 3, ana tantance ta a manhajar ZATCA. Sunan da bankinki zai nuna kafin ki tura ya zama na kamfanin. Ki tambaye shi kuma: ranar da na daina biya, ta yaya zan kwashe bayanan kwastomomina? Wannan mutumin da aka yi masa tambayar, fita ya yi daga zauren.

Wadda ta riga ta faɗa, ta kira bankinta yanzu a tsayar da katin, ta goge manhajar, ta sauya lambobin sirri na Absher (manhajar hidimomin gwamnati) da na banki. Ta adana hoton hirarsu da rasit, ta kai ƙara ta Kollona Amn, manhajar kai rahoto ga jami'an tsaro, ta kuma kira 1900 na Ma'aikatar Kasuwanci. Na san wasu na tsoron zuwa wajen hukuma saboda maganar iƙama, shi ma ya sani, da gangan yake zaɓar su. Ko da hakan ne, a sanar da kwastomomin da hotunansu suka shiga, kafin shi ya riga ki kiransu.