Rajistar tambari: ina ya kamata ɗan kasuwa ya duba don sanin shirin abokin gasa?

Kamfani kan yi rajistar sunan kaya watanni kafin kayan su sauka a kasuwar Garwa ko Marwa, don kada wani ya riga shi. Wannan rajistar a fili take, kowa na iya karantawa. Wanda ya iya bibiyarta zai san sabon sabulu ko sabon shayin da ke tafe tun kafin dillalai su fara yawo da samfur. Tambayar ita ce wace hanya ta cancanci lokacinka da kuɗinka.

Ta farko, wadda na fi ba wa ƙaramin ɗan kasuwa shawara, ita ce mujallar OAPI, hukumar da ke yi wa tambura rajista a wasu ƙasashen Afirka. Hedikwatarta na Yawunde, an kafa ta ƙarƙashin yarjejeniyar Bangui ta 1977, kuma rajista ɗaya a wurinta tana aiki a ƙasashe 17, har da Kamaru, Chadi da Nijar. Mujallar, wadda ake kira BOPI, tana shafin hukumar a intanet, kyauta. A ciki za ka ga hoton tambarin, sunan mai shi, adireshinsa, ranar da ya shigar da takarda, da rukunin kayan. Rukunin nan shi ne abin lura. An kasa kayayyaki da ayyuka rukuni 45: sabulu da man shafawa a na 3, atamfa a na 24, man girki da madara a na 29, shinkafa, shayi da sukari a na 30, ruwan gora da lemo a na 32. Idan kamfanin da ka sani da sabulu ya nemi suna a rukuni na 30, to ya fara hangen kayan abinci ke nan, sai mai sayar da shayi a Kusiri ya shirya. Wahalarta ita ce shafuka ne masu yawa, galibi da Faransanci, sai ka zauna ka tsince. Ɗauki rukuninka kaɗai, ka bar sauran.

Akwai kuma rumbun bincike na WIPO, hukumar duniya mai kare tambura da ƙirƙire-ƙirƙire da ke Janiba, mai suna Global Brand Database, shi ma kyauta. Ya fi sauri, kana rubuta suna ya fito. Amfaninsa babba shi ne ganin kamfanonin Sin, Indiya ko Turkiyya da suka nemi kariya a yankinmu ta tsarin Madrid, wato tsarin neman rajista a ƙasashe da dama da takarda ɗaya, wanda OAPI ta shiga a 2015.

Sai wakilan da OAPI ta amince da su, yawancinsu a Yawunde da Duwala. Waɗannan biya ake yi, su riƙa duba maka sabbin rajista. Ba na ganin amfanin biyansu don gulmar kasuwa kawai, amma idan kana da sunanka da ka sha wahalar ginawa, to kuɗin ba asara ba ne. Wata uku kacal ake bayarwa bayan an buga neman rajista don wanda ya ga an kwaikwayi sunansa ya shigar da ƙorafinsa, kuma wanda ke tsakanin shago da tashar mota kullum zai iya wayar gari lokaci ya wuce. Kafin ka biya, tambaye shi rukuni nawa zai riƙa sa wa ido, kuma da wane harshe zai aiko maka da rahoto.

Manyan kamfanonin sa ido na waje irin su Corsearch da CompuMark an yi su ne don masu sayarwa a ƙasashe da dama. Mai shago biyu a Njamena ba ya buƙatarsu.

Abin da mutanenmu suka fi mantawa shi ne Najeriya. Ba ta cikin OAPI, ba ta kuma cikin tsarin Madrid. Ofishin rajistarta daban yake a Abuja, da mujallarsa daban. Tunda kaya da yawa ta Mubi, Yola da Maiduguri suke shigo mana, wanda ya karanta BOPI kaɗai rabin labari ya samu. Nan kam sai an nemi lauya a Kano ko Abuja.

Kada dai ka zuba jari bisa rajista kawai. Wasu kamfanoni na kama suna su ajiye shekaru ba su fitar da komai ba. Ka haɗa abin da ka gani da abin da direbobi da dillalai ke faɗa kafin ka rage farashi ko ka cika sito.