Sharhi kan kwas ɗin zanen fentin mai: hazon ya fi mutumin wahala

Kwas ne na bidiyo da na saya a intanet, ya zo da akwatin kaya: fenti na matsawa, burushi, kanbas da 'yar kwalbar man linsid, wanda ake gauraya fenti da shi. Darasin gaba ɗaya a kan zane guda ya tsaya, wanda Bajamushe Caspar David Friedrich ya yi wajen 1818, yanzu yana gidan adana zane-zane na Kunsthalle a Hamburg. Wani mutum ne ya ba mu baya, yana tsaye bisa dutse da sanda a hannu, hazo ya cika kwarin da ke gabansa, kawunan duwatsu na leƙowa.

Wanda ya zaɓi wannan zane don sabon shiga ya san abin da yake yi. Babu fuska, saboda haka ba ruwanka da ido ko hanci. Mutumin da dutsensa duhu ne kusan ɗaya, nan da nan ake gamawa da su.

Hazon ne aikin, kuma a nan kuɗina ya halatta. Malamin ya hana a taɓa farin fenti zalla. Sai ka ɗiga masa shuɗi kaɗan da launin ƙasa-ƙasa, ka shimfiɗa, sannan ka ɗauki busasshen burushi mai laushi ka riƙa shafar bakin dutsen a hankali har iyakarsa ta ɓace. Dutsen da ya fi nisa shi ya fi haske da shuɗi, na kusa ya fi duhu da kaifi. Duk wanda ya taɓa hango Dala da safiyar hunturu ya san haka da idonsa, hannun ne bai sani ba. Malamin ya kuma bayyana cewa Friedrich ba a gaban wurin ya zauna ya zana ba. Duwatsun yankin kogin Elbe da ya zazzana a takarda ya harhaɗa a ɗakin aikinsa. Jin haka ya sa na daina auna kowane dutse da na asali.

Inda kwas ɗin ya gaza shi ne maganar jira. A bidiyo malamin zai gama shafen farko, a yanke, sai ga shi yana ɗora na biyu. Fentin mai kuwa ba bushewar ruwa yake yi ba, iska ce ke sandarar da man sannu a hankali, farin ma ya fi launin ƙasa-ƙasa jinkirin bushewa. Ƙa'idar a fara da fenti mai ƙarancin mai a ƙare da mai yawan mai, don kada zanen ya tsattsage daga baya, a jumla ɗaya ya wuce ta. Ƙura kuma ko ambatonta bai yi ba. Ni dai jingina kanbas ɗin nake yi fuskarsa na kallon bango.

Kayan akwatin ba yabo ba fallasa. Burushin na zubar da gashi, sai ka bi da tsinke kana tsamewa daga cikin hazo. Farin fentin kuma bai kai rabin aiki ba ya ƙare.

Idan za ka saya, haɗa da babban farin fenti da burushi mai laushi na kirki, kuma ka yi aikin kusa da taga saboda warin tina, ruwan tsinka fenti.