Wata bakwai ina shan olanzapine, ga yadda muka kwashe da shi

Ni dai kafin wannan, wani maganin taɓin ƙwaƙwalwar mai suna haloperidol nake sha, kusan shekara biyu, kuma duk wanda ya taɓa shan sa ya san zancen, wuya ya sanƙare, hannu na karkarwa, miyau na zuba, sai an haɗa maka da benzhexol kafin jiki ya ɗan saki. Hajiyarmu ce ta gaji ta ce wa likita yaron nan ko kofin shayi ba ya iya riƙewa, shi ne ya canza min zuwa olanzapine 10mg, ƙwaya ɗaya da dare.

Yadda ya min bayani, tsofaffin magungunan suna toshe dopamin, wani sinadari mai kai saƙo a ƙwaƙwalwa, da ƙarfi har da ɓangaren da ke kula da motsi, shi ya sa sanƙarewar. Su kuma na baya-bayan nan irin su olanzapine da risperidone da suka fito a shekarun 1990, suna taɓa dopamin ɗin amma suna haɗawa da wani sinadarin da ake kira serotonin, shi ya sa jiki bai cika daskarewa ba. Kuma gaskiya haka na gani, karkarwa ta tafi, muryoyin da nake ji suka yi ta ja da baya, na koma shago har ina yanka yadi da almakashi ba tsoro.

Amma yunwa jama'a! Wallahi ƙarfe sha ɗaya na dare zan tashi in buɗe tukunya in cinye tuwon da aka ajiye na ɗumame, ƙannena su wayi gari ba komai sai harara. Ashe maganin yana toshe wani sinadarin jiki mai suna histamin ma, daga nan barcin da cin suke zuwa. Kilo 9 na ƙara, wandunan sallar bara duk sun ƙi shiga, yanzu kuma likita na sa ni awon suga da na kitsen jini lokaci-lokaci. Tashi asuba ma sai da na dawo da shan sa da an idar da isha'i.

Da na ce zan bar sigari cewa ya yi in fara sanar da shi, wai hayaƙin na sa hanta ta yi saurin fitar da maganin, in na daina ƙarfinsa zai ƙaru a jini.

Ranar komawa asibiti zan tambaye shi wani maganin mai suna aripiprazole don bai kai wannan sa ƙiba ba, in ya ce a'a to sai dai in ɗinka sabbin wanduna.