Hattara da masu tallar "maganin raunin tsoka" a WhatsApp da Facebook

Jama'a, akwai masu tallar garin magani da kafso marasa suna, suna cewa cikin wata ɗaya za su raba mutum da myasthenia gravis, ko ciwon lalacewar tsoka na Duchenne da ke kama yara maza. Ƙarya suke yi. Duchenne a ƙwayar halitta yake, babu garin da zai gyara shi. Myasthenia kuwa garkuwar jiki ce ke kai hari inda jijiya ke miƙa wa tsoka saƙo. Ana shawo kanta da maganin asibiti.

Bidiyon da suke nunawa kada ya ruɗe ku. Mai myasthenia yakan tashi da safe garau, zuwa yamma fatar ido ta sauko, murya ta dushe. Sai su ɗauki hoton yamma su ce kafin shan magani ne, na safe su ce bayansa. Ko ƙanƙara aka ɗora kan fatar idon na minti 2 takan ɗaga na ɗan lokaci, likitoci ma da haka suke gwaji.

Abin da ya fi damunmu shi ne abin da ke cikin garin. Irin wannan haɗin akan cusa masa dexamethasone ko prednisolone, magunguna masu kwaikwayon wani sinadari da jiki ke yi da kansa, a ɓoye, ba awo. Mutum zai ji ƙarfi, ya riƙa cin abinci kamar me, daga baya fuska ta kumbura, suga da hawan jini su tashi, barci ya ƙaurace. Ga mai myasthenia, fara wannan magani da yawa lokaci guda na iya ƙara raunin cikin makonni 2 na farko, shi ya sa likita ke farawa da kaɗan. Wanda ya sha fiye da mako 3 kuma kada ya yanke farat ɗaya: jiki ya rage yin nasa sinadarin, jini zai iya faɗuwa, mutum ya suma. A ɗauki kwalbar a kai wa likita, shi zai tsara yadda za a rage.

Suna kuma cewa a ajiye maganin asibiti "don kada su yi karo". Ƙwayar pyridostigmine mai miligiram 60, wadda ake ba masu myasthenia, aikinta bai wuce awa 3 zuwa 4 ba. Idan aka bar ta raunin zai dawo, har ya kai ga tsokar haɗiya da ta numfashi. Wasu haɗin ma da magnesium a ciki, shi kuwa ƙara wa wannan ciwo rauni yake, kamar kwinin da magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su ciprofloxacin da gentamicin.

Iyayen yara masu SMA, wani ciwon raunin tsoka na gado, ma ba a bar su ba. Zolgensma, maganin SMA da Amurka ta amince da shi a 2019, ta jijiyar jini ake ba da shi sau ɗaya a asibiti, kuɗinsa ya haura dala miliyan 2. Duk wanda ya ce a tura kuɗi ya aiko da shi gida, ɓarawo ne.

Idan mara lafiya ya fara ƙwarewa da ruwa, ko ruwan na fitowa ta hanci, ko wuya ya kasa riƙe kai, ko ya kasa ƙirga 1 zuwa 20 da numfashi ɗaya, a garzaya asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, a tafi da duk abin da yake sha. Hoton tallar da lambar mai sayarwa kuma a miƙa wa hukumar kula da magunguna.