Abin da na gani a gidajen shanun Faransa

Yaya, ina gaisuwa. Na ji saƙonka a kan shawarar da ƴan ƙungiyarku suke yi ta haɗa kuɗi a sayo shanun Turai. Da ma na zagaya wasu gidajen makiyaya a yankin Franche-Comté, gab da iyakar Suwis, shi ya sa na ce bari in ba ku labari kafin ku zuba dukiyarku.

Saniyar da suke kiwo a nan ana kiranta Montbéliarde, ja da fari ce, mai farin kai. Gidajen na iyali ne: uba, uwa da ɗa, ko wa da ƙane, su ke tatsa safe da yamma da na'ura. Saniya guda tana ba da lita 7,000 ko fiye a goyo ɗaya. Azawak ɗinmu, wadda muke ji da ita wajen nono, abin da take bayarwa bai wuce lita 1,000 da ƴan kai ba. In mutum ya tsaya nan, dole ya yi sha'awa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai takarda ce. Wani dattijo ya kama kunnen wata karsana ya nuna mini lambarta, sannan ya buɗe wayarsa. Ga uwarta, ga kakarta, ga bajimin da ya haife ta, ga yawan madarar da kowacce ta bayar da maiƙon da ke ciki. Tun 1889 suke riƙe da littafin asalin wannan iri. Ba a barin kowane sa ya hau kowace saniya. Ma'aikaci ne ke zuwa ya ɗura mata irin bajimin da aka zaɓa, wanda aka riga aka ga ƴaƴansa mata suna da nono da hantsa mai kyau. Mu kuwa bajimi mafi kyau shi ake fara kai wa kasuwa in Sallah ta matso ko rumbu ya yi ƙasa, a bar garke da wanda ya rage. Wannan yana ci mini rai, domin Bafulatanin Dakoro ya san asalin shanunsa a ka fiye da yadda ake zato, rubutawa ce kawai ba a yi.

Sai batun kasuwa. Kullum motar tanki tana zuwa ta kwashe madara ta kai gidan cukun ƙauye, wanda makiyayan da kansu suka mallaka. Can ake yin cukun Comté: lita kusan 400 ke ba da dunƙule guda mai kilo 40, kuma sai ya yi aƙalla wata 4 a ajiye kafin a sayar. Ba wanda madararsa ke kwana tana jiran mai saye. Mu da damina nono ya yi yawa har ya lalace, da rani a koma wa madarar gari ta waje. A kanti nan litar madara yuro guda ce da ɗan wani abu, yuro kuwa sefa 655 ne. Sai dai wallahi ban samu kindirmon da zan dama fura da shi in ji daɗi kamar na gida ba.

To, saniyar nan ciyawa da ingirici take ci ta ƙoshi shekara zagaye, ga ruwa, ga sanyi, ga likitan dabbobi a kusa. A kawo ta Maraɗi cikin zafin watan Afrilu, da kaska, da tsadar dusa da harawa, nonon zai ja baya, ita ma ta rame. Makiyayan nan ma ba hutu suke ba, da yawansu bashin banki ne a wuyansu.

Ni dai shawarata, Yaya, ku nemi karsanun Azawak da bajimi mai asali, a tambaya a gandun kiwon shanu na Tukunus ko na Fako. Yadda aka tsare jinin jar akuyar Maraɗi har aka san ta a duniya, haka za a yi. Ku sayi littafi, a sa yaro ɗan makaranta ya riƙa rubuta haihuwa da awon kowace tatsa. Sauran kuɗin a tanadi harawa tun da kaka, sannan a nemi firji mai aiki da hasken rana. In kun amince, kuɗin firjin ni zan turo. A gaida Inna.