Kafin ka sayi sabuwar kwamfuta, tambayi kanka ko za ta ɗauki tsofaffin manhajojinka

Masu shagon buga takardu da masu yanka sitika da masu gyaran waya duk matsalarsu ɗaya ce, kwamfutar da suke aiki da ita tun zamanin Windows XP ta fara tari, kuma manhajojin da suke ci da su irin su PageMaker 7 da CorelDRAW 12 da tsohon Peachtree duk a kanta suke. To ana son a canza inji amma ba a son a rasa aikin. XP ya fito a 2001, Microsoft ta daina kula da shi a Afrilun 2014, Windows 7 ma an sallame shi a Janairun 2020, shi kansa Windows 10 an daina ba shi gyaran tsaro na kyauta ga kowa tun 14 ga Oktoba 2025. Kenan wanda zai sayi inji yau kusan dole Windows 11 zai tarar, tambayar ita ce shin tsofaffin kayan za su tashi a kai ko kuwa.

Bari in fara da shi Windows 11 ɗin tunda shi ne a gaba. Gaskiya yana da ƙoƙari fiye da yadda ake yi masa sharri, yawancin manhajojin 32-bit na zamanin XP suna tashi saboda akwai wani sashe a cikinsa mai suna WOW64 da aikinsa kenan, idan ma ta yi gardama ka danna dama a kanta ka shiga Properties ka zaɓi Compatibility ka ce ta ɗauka tana kan XP ne, wasu sai su nutsu. Amma abu biyu ba ya yi. Na farko Windows 11 64-bit ne kawai, babu na 32-bit kwata-kwata, don haka duk manhajar 16-bit ta zamanin DOS ko Windows 3.1 ba za ta tashi ba, kuma abin haushi wasu manhajojin su kansu 32-bit ne amma abin girka su 16-bit ne, ka danna setup ya yi shiru kamar ba a taɓa shi ba. Na biyu kuma, wanda ya fi ciwo, diraiba, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar da aka jona mata. Diraibar da aka rubuta wa XP 32-bit ba za ta taɓa shiga Windows 64-bit ba ko da kuwa za ka kwana kana danna Compatibility, kuma 64-bit ba ya karɓar diraibar da ba ta da sa hannun da ya yarda da shi.

Ni a nan nake auna komai. Manhaja in ta ƙi, sau da yawa akwai wata da za ta maye gurbinta, amma injin yanka sitika ko tsohuwar sikana ko firintar da kamfaninta ya daina fitar mata da diraiba tun shekaru goma da suka wuce, wannan in ta ƙi to kuɗinka ne ya kwanta. Na ga injin yanka lafiyayye garau, wuƙarsa sabuwa, ya koma teburin ajiye kaya saboda kawai sabuwar kwamfutar da aka kawo ba ta san shi ba, ka jona USB ta yi ƙarar nan ta shaida an jona, a Device Manager kuma sai alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa. Shi ya sa duk wanda ya ce min zaɓi kaza ya fi kyau, abin da nake fara tambaya shi ne ya zai yi da diraiba.

Akwai masu cewa a koma Windows 10 na 32-bit, kuma suna da hujja, domin shi yana da wani sashe mai suna NTVDM, ka kunna shi a Windows Features manhajojin 16-bit su tashi, wasu tsofaffin diraibobin ma suna shiga. Sai dai ba ya iya amfani da RAM da ya wuce kusan 4GB komai yawan da ka saka, ga shi kuma an daina kula da shi, kenan ka bar tsoho ka koma wa wanda shi ma ya kama hanyar tsufa. ReactOS kuwa, wanda 'yan sa kai ke ginawa tun shekarun 1990 don ya zama Windows na kyauta, su da kansu har yau alpha suke kiransa, ka gwada shi don nishaɗi amma kar ka ɗora masa abincinka. Wine, mai tayar da manhajojin Windows a kan Linux, yana tayar da su da yawa amma ba ya loda diraibar Windows, a wajena magana ta ƙare a nan. Idan manhajarka ta DOS ce zalla DOSBox ya ishe ka, kyauta ne.

Abin da na fi yarda da shi, kuma ba zan ɓoye ba, shi ne ka sayi inji mai ƙarfi na zamani ka sa VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar wata kwamfuta a cikin kwamfutarka, ka girka XP ɗin gaske a cikinsa. Ba kwaikwayon XP ba ne, shi ne da kansa yana zaune a cikin taga ɗaya, da koren tudun nan nasa da komai, yana ɗauka shi kaɗai ne a kwamfutar. Ka yanka masa RAM 1GB ya yi masa yawa ma, faifai 20GB ya wadatar. Daɗin abin shi ne USB, ka jona injin yankanka ko sikana, ka je Devices ka zaɓi USB ka danna sunan na'urar, nan take Windows 11 zai sake ta XP ya karɓa, sai ka sa tsohon faifan diraibar nan da ke cikin durowa ka girka kamar a 2006. Windows 11 bai ma buƙatar sanin mene ne aka jona. A da sai an ƙara Extension Pack kafin USB 2.0 ya yi aiki, daga VirtualBox 7 an haɗa shi a ciki.

Sannan ga snapshot, wato adana yanayin XP ɗin yadda yake a wannan lokacin, wanda wallahi shi kaɗai ya isa dalili. Ka gama girka komai yana aiki lafiya sai ka ɗauki snapshot, duk ranar da wani yaro ya sa filas mai ƙwayar cuta ko wuta ta ɗauke ana tsakar aiki XP ya rikice, ba fomatin ba kiran injiniya, ka mayar da shi yadda yake a cikin minti ɗaya. Kuma gaba ɗayan XP ɗin fayil ne, ka kwafe shi a faifan waje, in laftof ta mutu gobe ka sayi wata ka zuba ka ci gaba. Ka girka Guest Additions, ƙarin kayan VirtualBox da ake sa wa XP ɗin, ka buɗe babban fayil guda na haɗin gwiwa tsakanin su biyun don miƙa aiki, sannan ka cire wa XP ɗin intanet gaba ɗaya a saitin Network, ba shi da abin yi a can, wanda ya tuna ƙwayar cutar WannaCry a Mayun 2017 ya san abin da ke samun Windows da ba a yi wa gyara. Ita ma Microsoft wannan dabarar ta yi a Windows 7 Professional da sunan XP Mode.

Yana da nasa cikas, wasannin da ke son katin hoto ba sa sakewa a ciki, kuma idan manhajarka tana da makullin nan da ake cusawa a tsohon ramin firinta mai faɗi, parallel, to wayar da ke juya shi zuwa USB galibi ba ta yi wa makullin aiki, mai irin wannan gara ya nemi tsohuwar desktof ya ajiye ta gefe babu intanet. Kuma XP ɗin ma yana buƙatar lasisinsa.

To yanzu maganar sayen injin, a nan ne ake yanka mutane. Windows 11 a hukumance yana son TPM 2.0, wato sashen tsaro na cikin injin, da firosesa Intel ƙarni na 8 zuwa sama ko Ryzen 2000 zuwa sama, amma akwai hanyar tsallake binciken, kuma wasu masu sayar da na hannu sun ƙware a kai, su ɗauko laftof ta 2012 su cusa mata Windows 11 da ƙarfin tsiya su goge jiki su manna sitikar Core i7 sabuwa fil su ce maka ai ga shi kana gani da idonka. Ni haka wani ya yi min, har da rantsuwa. i7 ba shi ne magana ba, lambar da ke bayansa ce, i7-3520M ƙarni na 3 ne, i5-8250U ƙarni na 8 ne kuma ya fi shi nesa ba kusa ba. Irin wannan injin Microsoft ta faɗa ƙarara ba ta yi alkawarin zai ci gaba da samun sabuntawa ba. Kar ma ka tsaya kan abin da Settings ya nuna, sunan firosesa ana iya canza shi a registry ya rubuta duk abin da aka ga dama, ka kashe injin ka shiga BIOS, saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, ka karanta, ko ka zo da manhajar CPU-Z mai nuna ainihin firosesa a filas ɗinka. Ka danna Windows da R ka rubuta tpm.msc ka ga ko 2.0 ne. Ka buɗe Task Manager ɓangaren Performance ka duba ko Virtualization, wanda VirtualBox ke buƙata, na kunne, in a kashe yake ka ce a kunna a gabanka, in kuma BIOS ɗin na da kalmar sirri da mai shagon ya ce bai sani ba, ajiye masa kayansa.

Sai 'yan faifan XP da aka yi wa kwaskwarima, Black Edition da Lite da sauransu, waɗanda ake cewa sun fi sauri. Saurin daga cire sassa ne, kuma sau da yawa abin da aka cire shi ne wanda diraibarka ke nema, ban da abin da aka ƙara a ciki da ba a gaya maka ba. Haka 'yan kayan kunna lasisin nan da ake cewa sai ka kashe antibairos kafin su yi aiki, dan Allah wane irin baƙo ne zai ce sai ka kori mai gadi kafin ya shigo? Wanda zai girka maka ka ce XP Professional SP3 na asali kake so, ka tsaya a kansa har ya gama.

RAM kar ya gaza 8GB, 16GB in aljihu ya yarda, kuma SSD ba tsohon faifai mai juyawa ba. In da hali ka ɗauki na'urar da kake tsoron za ta ƙi, ko sikana ce ko ƙaramar firinta, ka je da ita shagon tare da fayil ɗin XP ɗinka a faifan waje, a jona a buga takarda ɗaya ta fito kafin ka tura kuɗi.