Inconel 718 ko CMSX-4: Wanne Ya Fi Juriya a Injin Jirgin Sama?

Ɗan'uwa, ka tambaya cewa tunda ƙarfen CMSX-4 ya fi Inconel 718 jure zafi nesa ba kusa ba, me ya hana a yi faifan da ke riƙe ƙananan fukafukan da ke juyawa a cikin injin da shi. Dalili shi ne ciwon da ke kashe faifai daban, wanda ke kashe fiffike daban.

Fiffike yana tsaye ne cikin iskar da zafinta ya wuce na narkewar ƙarfensa, shi ya sa ake huda masa ramukan sanyaya, a kuma lulluɓe shi da yumɓu na musamman. Duk da haka jikinsa yakan kai digiri 1000 a ma'aunin Salshiyas, ga juyawa tana jan sa waje. A wannan hali ƙarfe yana miƙewa sannu a hankali ko da nauyin bai ƙaru ba, kuma ɓarnar takan fara daga iyakokin da ƙwayoyin ƙarfen (ƙananan gutsattsarin da jikin ƙarfe ya ƙunsa bayan ya daskare) suka haɗu, inda suke zamewa har ramuka su buɗe. Maganin da kamfanin Pratt & Whitney ya fara bi a shekarun 1960, ƙarƙashin Frank VerSnyder, shi ne a jera ƙwayoyin a tsaye; daga baya aka kawar da iyakokin ɗungum, ana zuba fiffiken ya daskare a ƙwaya ɗaya tak. CMSX-4 na kamfanin Cannon-Muskegon irin wannan zubi ne. Kusan kashi 70 cikin 100 na jikinsa ƙananan tubala ne na nikel da alminiyam, waɗanda ake kira gama-firaim, sannan akwai sinadarin reniyam kashi 3 da ke rage saurin motsin ƙwayoyin zarra. Idan ya daɗe a wuta tubalan sukan manne su zama shimfiɗaɗɗun layuka, kuma masu dubawa suna gane irin zafin da fiffike ya sha daga wannan.

Faifai kuwa ba ya shan wannan wuta. Gefensa ne ke kusantar digiri 650, tsakiyarsa ba ta kai haka ba. Abin da ke damun sa gajiya ce: kowace tafiya injin ya tashi, nauyi ya hau, ya sauka, kamar mai lanƙwasa waya yana miƙar da ita har ta tsinke. A nan iyakokin ƙwayoyi kariya ne, domin ƙananan ƙwayoyi suna ƙara ƙarfi, suna kuma jinkirta farawar tsaga. Saboda haka ake ƙera faifan Inconel 718 da matsi maimakon zubi. Herbert Eiselstein ne ya haɗa shi a kamfanin Inco, nikel ɗinsa ya ɗan haura rabi, ƙarfinsa kuma daga sinadarin niyobiyam kusan kashi 5 yake. Rauninsa sananne ne: da ya daɗe sama da digiri 650, ƙananan ɓurɓushin da ke ba shi ƙarfi sai su rikiɗe zuwa wata siga da ake kira delta, ya yi laushi. Amma yana da araha, yana karɓar walda, kuma a ganina wannan ne ya sa har yau ba a ture shi ba.

Ba a wasa da tsabtar ƙarfen faifai. Ranar 28 ga Oktoba 2016, faifan Inconel 718 ya fashe a injin wani Boeing 767 na American Airlines yana gudun tashi a Chicago, kuma hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gano tsagar gajiya ce da ta faro daga wani gurɓataccen tabo da ya shiga tun wurin narka ƙarfen. Fiffike idan ya karye, murfin injin yakan tare shi. Gutsuren faifai ba abin da ke tsayar da shi.

Faifan ƙwaya ɗaya irin na CMSX-4 zai gamu da matsala biyu: ƙarfinsa ya bambanta daga fuska zuwa fuska alhali nauyi na jan sa ta ko'ina, sannan tsaga in ta fara babu iyakar da za ta karkatar da ita. Inda ake son faifai ya ƙara ɗaukar zafi, ana yin sa da garin ƙarfe irin RR1000 na Rolls-Royce, wani lokaci a gasa shi yadda gefe zai samu manyan ƙwayoyi don hana miƙewa, tsakiya ta riƙe ƙanana don jure gajiya.